Ɗakin Baba Bitrus da Gidauniyar Yayana

A watan nan mahaifina, Saje Ilu, ya cika shekara tara da rasuwa. Ya rasu da hantsi, ana tsakar ɗiban tumatir, a ƙauyenmu da ke tsakanin Kura da Bunkure, bayan jinyar wata huɗu da muka yi ni da mahaifiyarmu. Ni ma'aikaciyar jinya ce a wani ƙaramin asibiti, rubutu ba sana'ata ba ce. Abin da ya sa na ɗauki biro bana shi ne, sunan mutumin nan ya fi yawo yanzu a kan lokacin da yake raye, kuma masu yawon da shi ba su taɓa wanke masa ko tsumma ba.

Baba ya je yaƙin basasa yana saurayi, ya dawo da ɓarɓashin ƙarfe a ƙugu, wanda likitoci suka ce barinsa ya fi cire shi sauƙi. Da aka haƙa magudanan ruwa a yankinmu ya kama noma kamar kowa, shinkafa da damina, tumatir da albasa da rani. Ba ya ba da labarin yaƙi. In an matsa masa, iyakarsa ya ce ana ruwa sosai a can, takalminsa bai taɓa bushewa ba.

Sau biyu ya amsa gayyatar ranar tunawa da 'yan mazan jiya. Aka jera su a rana tun safe, tsofaffi masu dogara sanda, suna jiran wani babba da bai iso ba sai bayan azahar. Babban ya ajiye furanni, aka busa ƙaho, aka miƙa wa kowa lemon kwalba mai ɗumi. A zuwa na biyu wani tsoho ya yanke jiki ya faɗi a layi, masu shirya taron suka ja shi bayan rumfa don kada ya fito a hoto. Baba ya dawo gida ya rataye hularsa, bai sake zuwa ba.

Wata shekara, ina firamare, ya je bakin babbar magudana neman masu aikin dashe, sai ya hangi wani mutum a cikin 'yan ci-rani yana cin rogo. Kofur Bitrus ne, mutumin Filato, wanda ya goya shi ya ƙetare rafi da shi ranar da ƙarfen ya same shi. Matarsa ta rasu, ba shi da ɗa, yana bin gonaki da fartanya. Baba ya kawo shi gida, ya kwashe buhunan taki daga ɗakin da ke jikin zaure, ya ce ga ɗakinsa. Maƙwabta suka yi ta ƙananan maganganu a kan ajiye wanda ba ya salla. Ranar Lahadi Baba ya ɗora shi a babur, ya ratsa ta tsakiyar gari ya kai shi coci a Kura, ya zauna a gindin darbejiya har aka tashi. Daga nan maganar ta mutu.

Sun fi shekara ashirin suna noma tare, har idon Baba Bitrus ya fara dushewa, daga baya ya rufe gaba ɗaya. Ana saura kwana uku Baba ya cika, ya sa aka kira ni da yayana, ya ce, "Gona ku raba yadda shari'a ta ce. Amma ɗakin Bitrus, kada wanda ya taɓa shi."

Ba zan faɗi sunan yayan nawa ba, allunan da ya kakkafa sun isa su faɗa. Yana Kano, yana bin wani ɗan siyasa. A wata huɗun jinyar sau uku ya zo, kuma duk zuwan a bakin ƙofa yake tsayawa, hankici a hanci, waya a kunne. Shekara biyu da rasuwar sai ga shi da gidauniya mai sunan Baba, wai ta kula da tsofaffin sojoji. Ya samu masu ba da taimako, ya gina ɗakuna huɗu a bakin titin Zariya, wajen Garun Malam, inda duk motar da ta wuce sai ta gani. Allon da ke gaban ginin ya fi ƙofar shiga girma.

Gida ya samu, saura tsohon soja da za a saka a ciki, kuma a duk kewayenmu Baba Bitrus ne kaɗai ya rage. Yaya ya zo ya zauna da mahaifiyarmu, ya lissafa mata gado mai katifa da fanka da mai jinya dare da rana. Bai gaya mata ya riga ya yi magana da mai injin casar shinkafa a kan ɗakin jikin zaure ba. Na tuna masa maganar Baba, ya ce ni mace ce, tausayi ne ya yi mini yawa, ban san yadda ake tafiyar da harka ba. Shi kuwa Baba Bitrus da aka tambaye shi, cewa ya yi ɗan Saje ne ya kira shi, ba zai ƙi ba.

Na je bikin buɗewar. An saka masa sabon kaki da ya yi masa yawa, an maƙala masa lambobin yabo da ba nasa ba. Kusa da shi an zaunar da wasu dattawa uku su ma cikin kaki. Ɗaya daga cikinsu na san shi sarai, tsohon mai gadin makarantarmu ne, abin da ya taɓa riƙewa mafi kama da bindiga shi ne tocila. Yaya ya karɓi lasifika ya ba da labarin jarumtar Baba, da garuruwan da ya ƙwato, da maganganun hikimar da ya bar masa. Ni da na girma a gidan ban taɓa jin ko ɗaya ba. Da ya zo kan jinya sai ya ciro hankici ya goge ido. Aka yi ta tafi.

Kwana huɗu bayan haka na tashi daga aikin safe na biya. Ba mai jinya. Mai gadi ya tafi ban ruwa a gonarsa. Dattawan uku sun mayar da kaki sun koma gidajensu tun ranar biki. Na tarar da Baba Bitrus a ƙasa, tsakanin gado da ƙofa, gwiwarsa ta kumbura, ga busasshen burodi a leda. Tun safe ya faɗi yana laluben hanyar bayi. A gidanmu ya san kowane bango da tafin hannunsa, a nan kuwa ba wanda ya tsaya ya zagaya da shi ko sau ɗaya. Ina ɗaga shi cike da takaici, sai ya riƙe hannuna ya ce, "'Yata, kada ki yi faɗa da shi. Ni ne ban san ɗakin ba."

Na tare adaidaita sahu na kawo shi gida. Muka tarar maginan da yaya ya turo sun riga sun cire ƙofar ɗakinsa sun jingine. Mahaifiyarmu, wadda ban taɓa jin ta ɗaga wa ɗanta murya ba, ta dubi gwiwar tsohon, ta shiga ta ɗauko tabarma ta shimfiɗa a bakin ɗakin ta zauna. Ta ce wa maginan su ci gaba da aikinsu, amma da ita za su rushe. Kafin la'asar sun mayar da ƙofar. Yaya ya bugo waya yana faɗa, wai na kunyata shi a gaban masu taimako. Bai tambayi gwiwar ba.

Ginin yana nan. 'Yan kasuwar albasa ne suke ajiya a ciki, kuma in faɗi gaskiya albasar tana samun kulawa, kullum ana buɗe mata taga ana tsince ruɓaɓɓu. Allon kuwa duk shekara sai an sabunta masa fenti.

Nakan tambayi kaina abin da Baba zai ce da ya ga wannan zamani. Yaran da suka tafi fagen daga a arewa maso gabas suna dawo mana, wani ba ƙafa, wani jin ƙarar injin casa ya isa ya sa shi ya kwanta a ƙasa. Ina wanke musu ciwo a asibiti, kuma ban taɓa cin karo da mai gidauniya a ɗakin da suke kwance ba. Na lura manyanmu sun fi son soja in ya mutu. Ba ya cin abinci, ba ya ɓata shimfiɗa, ba ya tashi a tsakiyar jawabi ya ce ƙarya ne. Ina jin Baba ba zai ce komai ba. Zai duba ko an saki ruwa, ya ɗauki fartanyarsa.

Bana gidauniyar ta shirya lacca a wani otal a Kano, yaya ya aiko da kati, yana so a kawo Baba Bitrus ya zauna a gaba. Na karanta masa. Ya shafa kansa, sannan ya ce, "Ki gaya masa na gode. In karrama Saje yake so, ya zo ya yi mini aski. Saje ne yake yi mini duk Asabar."

Na isar da saƙon yadda aka ba ni. Bayan kwana biyu direban yaya ya kawo injin aski sabo fil a kwali, an manna masa tambarin gidauniya.

To, me ya rage na Saje Ilu? An raba gona, babur ya tsufa an sayar. Sunan da ke kan allo ban san mai shi ba, wani mutum ne da yaya ya ƙera. Abin da na san ya rage shi ne tsoho makaho a ɗakin da aka ce kada a taɓa, da tsohuwar da take zuba masa tuwo kafin ta zuba nata, da mijina da ya koyi riƙe aska don shi. Allah ya jiƙan Baba, ya haskaka kabarinsa. Injin askin yana nan cikin kwalinsa a kan sif. Duk ranar da yaya ya tako gidan nan zan miƙa masa, in kama hannunsa in kai shi inda kan yake.