Sauro da Jakin Bappa Saje

Duk wanda ya taɓa miƙa wa Bappa Saje hannu a Jimeta ya san abin da ke biyo baya. Ƙanen mahaifina ne, tsohon ɗan sanda mai kula da ɗakin makamai. Ba ya sakin hannunka sai ya yi maka darasin harsashin libarba, ƙaramar bindigar nan mai cin shida. Zai buɗe tafinka ya dungure shi da yatsa biyu: "Wannan lamba ashirin da biyu ne, sauro. Ba ya shuri, kana harbi kana shan shayinka." Kafin ka janye sai ya kirɓa maka dunƙule: "Wannan kuma talatin da takwas, jaki." Har limaminmu ya sha jaki, ranar suna kuwa, a gaban jama'a.

Shi dai ɗan gidan sauro ne. Amininsa Malam Buba maharbi kan ce, "Saje, wannan abin naka ko zabo ba zai kayar ba."

"Ƙarfi na jaki ne, ban musa ba," in ji Bappa. "Amma in ya shure ka, bakin bindiga ya kalli sama, harbi na biyu sai dai ungulu ta yi ta kanta. Sauron da ya samu wuri ya fi jakin da ya kuskure."

Sun tsufa suna wannan gardama a gindin dalbejiya ɗaya, ba wanda ya sauko.

Shekarar da 'yan ta'adda suka matso, motoci na ta shigowa da masu gudun hijira, unguwarmu ta fara ɗaure kaya. Dada, mahaifiyata, har ta zuba tukwane a buhu. Ga masararmu ta Namtari ta kusa girbi, in muka tafi abincin shekara ya tafi. Sai ga Bappa da kuben bindiga na fata a ƙugu, ya dasa kujera a bakin layi.

"Ina zuwa, matar yaya? Muna nan, ni da sauro." Ya bubbuga kuben.

Dada ta kwance buhu. Maƙwabta da suka gani su ma suka kwance.

To, yau zan fasa ƙwai. Wata azahar zai kama ruwa ya ba ni riƙon kuben, na ji shi sakayau. Na leƙa: goro uku a ganye, sai tabarau.

"Bappa, ina bindigar?"

"Na mayar wa hukuma tun ranar ritaya. Ni ɓarawo ne?" Ya duba hagu da dama. "In ka buɗe baki unguwa ya watse, masara ya ruɓe a gona. Kawo gorona."

Na miƙa masa goronsa, ga tsoro ga kuma dariya na cina. Ban faɗa wa kowa ba. Allah ya tsare, muka girbe masararmu.

Bara, yana kwance ciwo ya cinye shi, na zauna bakin gado na buɗe masa tafina.

"Bappa, a ba ni jaki."

Ya tattara ɗan ƙarfin da ya rage, ya dunƙule hannu, ya taɓa ni kamar ɗan yaye. Na yi baya ina yarfe hannu.

"Maƙaryaci," ya ce yana murmushi. "Sauro ne. Amma ya samu wuri."

Ya samu kuwa, Bappa, har yau ina jin sa. Allah ya jiƙanka, ya haskaka makwancinka, ya tsare ka yadda ka tsare mu da goro uku.