Ƙarar da Malam Babaji Bai Ji Ba

Ni Abbas, duk wanda ya san ni ya san bakina ba shi da linzami, kuma abin da ya jawo mini ke nan a kan Malam Babaji bakanike. Har yau in na tuna sai in ji kunya ta kama ni ni kaɗai.

Malam Babaji ɗan Ƙofar Sauri ne, ɗan maƙera. Ubansa ya so ya gaji zuga-zugi, shi kuwa tun yana saurayi ya bi ƙarfen mota, ya shekara talatin da takwas a gareji guda, ƙarƙashin wata bishiyar bedi. Bai yi arziki ba. Gidan ƙasa ne da shi, da matarsa Lailatu, da 'ya'ya mata da ya aurar. Abin da ya tara suna ne, sunan kuma a kunnensa yake. Kana shigowa da mota, kafin ka kashe ta ya gaya maka ciwonta. In abin ya ɓuya, sai ya ɗauko dogon sukundireba, ya ɗora bakinsa a jikin inji, ya kara ƙotar a kunne, ya rufe ido. Direbobi har daga Batsari da Jibiya suke zuwa saboda kunnen nan.

Ina da tsohuwar akori-kura da nake ɗauko gero da dawa daga ƙauyukan Batagarawa zuwa kasuwa. Bara da kaka kulocinta ya fara sulɓi: ka taka totur inji ya yi ta ihu, mota tana jan ciki. Malam Babaji ya sauke giyabos, ya nuna mini filawil, wato faifan ƙarfen nan mai haƙora da kuloci ke kamawa a bayan inji, duk ya ƙone ya tsattsage. Muka sayo wani na hannu, da sabon faifan kuloci, ya ɗaura.

Ban kai gida ba na san da matsala, har biyu ma. Mota tana karkarwa a tsaye, madubi yana rawa, sitiyari yana kaɗa mini hannu. In kuma na taka kuloci sai wata siririyar ƙara ta taso kamar kukan gyare, in na saki ta ɗauke.

Na koma. Ya ɗora tafin hannu a kan bonet, ya gyaɗa kai, ya leƙa ƙasa ya ce kujerar inji ɗaya ta tsage. Aka canza. Karkarwa ta ragu kaɗan, ba ta tafi ba. Na sake komawa, raina ya fara ɓaci, don kaka ba ta jiran kowa, wasu suna ta kwashe mini lodi. Wannan karon ya sake sauke giyabos, ya cire filawil, ya shafa bayansa da yatsa, sai ga tsatsa ta yi tudu a inda ya kamata ya zauna daram. Dattijon nan ya zauna a tabarma ya goge tsatsar tas, ya mayar, ya ɗaure notuna ɗaya nan ɗaya can a gicciye, a hankali. Wallahi karkarwa ta tafi kamar ba a taɓa yi ba. Na tuna masa da ƙarar, ya ce babu komai, sabon faifai ne, zai zauna.

Bai zauna ba. Ƙara sai gaba take yi.

Zuwana na huɗu da hantsi ne, gareji cike da mutane. Na tayar da mota, na taka kuloci, gyare ya fara kuka. Malam Babaji ya kara sukundirebansa, ya rufe ido, ya daɗe, sannan ya ɗago ya ce shi bai ji wani abu ba. Nan fa zuciya ta ɗebe ni. Na diro daga mota na ɗaga murya yadda kowa zai ji:

"Haba Malam! Wannan ƙarar ai ko kurma ya ji ta!"

Mai walda ya kashe wutarsa. Babu wanda ya dube ni, kowa ya sunkuyar da kai. Malam Babaji ya kalli bakina, ya kalli mutane, ya ajiye sukundireba ya tafi wajen buta kamar zai yi alwala, alhali azahar da sauranta.

Nuhu mai gyaran bodi, mutumin kudancin Kaduna da suka shekara ashirin suna maƙwabtaka da Malam a garejin, shi ya ja ni bayan wata motar. Dawowarsa ke nan daga jana'izar yayarsa a gida. Ya gaya mini kunnen Malam ya fi shekara biyu da tafiya, tun wani zazzaɓi da ya kwantar da shi. Magana yana kama ta a leɓe, ko in an ɗaga murya, amma siririyar ƙara ta wuce shi. Duk garejin sun sani, babu wanda ya taɓa furtawa, saboda kara. In mota ta zo da ƙara, Nuhu sai ya matso kamar mai wucewa, ya ɗora hannu a wurin da take fitowa, Malam ya gani ya faɗa kamar shi ya ji. A haka suka rufa masa asiri, shi ma yana yi kamar bai gane ba. Motata ta faɗo a makon da Nuhu ba ya nan.

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Magana zarar bunu ce, ta riga ta fita.

Bayan kwana biyu ya aiko in kawo mota da safe, in dawo bayan la'asar. Na kai, na bar makulli, ko ido ban iya haɗawa da shi ba. Da na dawo na tarar da shi a gindin bedi, hannunsa baƙi ƙirin da mai. Muka gaisa, ya tambayi iyali, na tambayi Lailatu da jikoki. Ya ce in tayar in taka. Na taka. Ƙarar tana nan, ta ma fi da.

Ya matso taga yana kallon bakina.

"Ta daina?"

Na dubi furfurarsa, tausayi ya kama ni. A raina na ce gobe in kai ta wani wuri a ɓoye, shi ke nan. Na ce, "Ta daina, Baba. Allah ya saka da alheri."

Bai yi murmushi ba. Ya sa hannu a aljihu ya fito da sabon boris a ledarsa, ɗan zoben nan da ke danna kuloci in an taka. Ya ce tun ranar da na ɗaga masa murya ya gane boris ne, tunda sai an taka take kuka, kuma laifinsa ne da bai canza shi tun farko ba. Yau bai taɓa motar ba, mai kawai ya shafa a hannu.

"Na zaɓe ka don kai kaɗai ka taɓa hwaɗa mini gaskiya a wurin nan," in ji shi. "In kai ma ka koma lallashina, to na gama. Wata rana birki ne zai yi kuka, a ce mini ya daina."

Na fara rantse-rantse, ya ɗaga mini hannu. Ya danƙa mini boris, ya ce in kai wa wani bakanike, Mahmud na bakin tasha, hannunsa yana da kyau. Sannan ya kira Nuhu ya taya shi ɗaukar akwatin sifanoni zuwa gida, don shi kaɗai ba zai iya ba.