Saniyar da Ɗan'auta Ya Kasa Jira

A Auyo in ka ji an ce Ɗan'auta, kada ka nemi yaro. Magidanci ne mai furfura a gemu, wanda bai san zama wuri ɗaya ba. Ya yi su a kogi, ya watsar. Ya noma shinkafa, tsuntsaye suka sha masa kai, ya koma kankana, kafin ta nuna hankalinsa ya tafi acaɓa. Matarsa Saude, mai sayar da kindirmo, ta ce ko tuwo ba ya bari ya huce.

Abu guda ne ya daɗe a hannunsa: farar saniyar da ya gada wajen mahaifiyarsa. Ita ma nononta ba ya cika ƙwarya, sai Saude ta haɗa da na saye.

Ana nan sai wani malamin dabbobi, Abdulmannan, ya zo gari da irin haihuwa na shanun waje masu yawan nono, cikin siririn tsinke, a tulun ƙarfe mai hayaƙin sanyi. Ba bijimi, ba barbara, a saka wa saniya kawai. 'Yan majalisa suka yi ta dariya. Ɗan'auta kuwa, abin nema ya samu! Ranar da saniyar ta fara neman namiji, da kansa ya ɗauko malamin a kwalekwale, yana tuƙi yana faɗa da ruwa.

"Wata tara da 'yan kwanaki, Baba," in ji malamin bayan ya gama. "A raba ta da bijimai, sauran haƙuri ne."

Haƙuri? Wurin Ɗan'auta? Tabɗi!

Ba a rufa wata biyu ba kogi ya yi ambaliya. A garin kuwa, in ruwa ya zo, shanun kowa tudu guda ake kora su. Da ruwa ya janye, Shu'ibu, mai wani jan bijimi, ya tare Ɗan'auta yana murmushi.

"In ta haihu a kawo mini tukuici, na ga nawa yana bin ta."

Shi ke nan, hankalin Ɗan'auta ya tashi. Malamin ya ce masa saniyar da ta riga ta ɗauka ba ta tsaya wa bijimi, Ɗan'auta ya ce duk maganar boko ce. Sau goma yake zuwa turke a yini, ya shafa cikin, ya kara kunne, ya yi tsaki. A majalisa aka laƙaba masa surukin Shu'ibu, sunan kuma ya yi masa ciwo ƙwarai.

A wata na takwas, ranar kasuwar Kafin Hausa, ya kwance igiya.

"Haba Malam, saura ƙiris fa!" in ji Saude, har da hawaye. "Aski in ya zo gaban goshi ai ya fi zafi."

"Ni ba zan tsaya a yi mini dariya ranar haihuwa ba."

Wani Kolo, mutumin Miga, ya sayi saniyar da cikinta a gaban shaidu.

Bayan kwana arba'in labari ya iso, saniya ta haihu. Maraƙa ce, dabbare-dabbare baƙi da fari, ba ta da alamar tozo. Ɗan'auta ya hau babur ko hula babu. Ya roƙi Kolo a warware ciniki, Kolo ya ce ya yi haƙuri, abin da ya faɗa ya faɗa.

Yau maraƙar ta zama uwa, bokiti take cikawa safe da yamma. A gidan Kolo Saude ke sayen nono, Ɗan'auta ne mai ɗaukowa a jarka. Baƙin ciki na cin sa, amma abin da ya fi kashe shi, Kolo ba mugu ba ne. Kullum sai ya raka shi har bakin babur, ya riƙe hannunsa da zuciya ɗaya.

"Malam Ɗan'auta, Allah Ya saka maka. Kai ka kawo mana alherin nan har gida."