Ashirin ɗin da na hango a madubin moto

Abubuwa da yawa sun fita daga kaina, amma Lahadin da na ɗana wa abokina tarko da madubin moto, wato babur, ba za ta taɓa fita ba. Shekaru sun wuce, har yau in na tuna sai kunya ta rufe ni.

A lokacin ina koyarwa a wani lekol, wato makarantar boko, a ƙauye wajen Urno, sai ƙarshen mako nake dawowa Madawa. Mu huɗu muke haɗuwa a rumfar wani tela bayan la'asar: ni, da telan, da wani ɗan kabu-kabu, sai wanda muke kira Likita, ko da yake ma'aikacin jinya ne a asibitin mishan. Shi da telan Kiristoci ne, coci ɗaya suke zuwa. Ni da ɗan kabu-kabu Musulmi. Wannan bai taɓa damun kowa ba. Sukan jira mu idar da salla, mu kuma mun san ba a nemansu da safiyar Lahadi.

Wasan da ke tara mu, wani bature da ya yi aiki a asibitin ne ya bar wa Likita shi: littafi mai kauri na Faransanci, da wani dutse mai fuska ashirin da ake jefawa kamar na lido. Kowa yana da jarumi a takarda, an rubuta ƙarfinsa da makamansa da yawan ransa. Likita ne alƙali. Shi ke ba da labari, shi ke zana ƙasar, wadda kullum sai ta fito da duwatsu da kwazazzabai irin na Keita, shi ke magana da bakin dodanni. Mu faɗi abin da jarumanmu za su yi, a jefa dutse ya raba gardama. Fuskar ashirin ja ce, kuma in dodo ya same ta, saransa ninkuwa yake yi. Mu a fili muke jefawa. Shi kuwa jifar dodanni a bayan wani kwalin magani yake yin ta, wai don kada mu san abin da ke tafe.

Jarumina maharbi ne, kuma ba ni na ƙirƙiro shi ba, na ƙanena ne. Shi ne ɗan wasan tun farko, ni dariya nake yi masa, ina cewa ƙato da gemu yana farautar dodo a takarda. Sanƙarau ya ɗauke shi wata bazara, cikin kwana uku. Bayan sadakar arba'in na tsinci takardar maharbin a cikin kayensa, na ɗauko ta na je na zauna a wurinsa. Ban taɓa kwafe ta ba. Rubutunsa ne, har da tabon shayin da ya zubar a gefe.

To, ni malami ne, abin da a wajenmu ake kira mushe, kama mai satar amsa sana'ata ce, kuma na kan ɗauka babu wanda ya isa ya yi mini wayo. Sai na fara lura da wani abu. Ɗan kabu-kabu ya binne mayaƙa uku, amma ɓarawon da telan ke wasa da shi ko ƙwarzane da ƙyar yake samu. Ranar da zargina ya tsaya da ƙafafunsa ita ce ranar da ɓarawon ya faɗa tsohuwar rijiya, Likita ya ce rabin ciwo kawai ya ji. Na fizgo littafin na buɗe.

"Likita, littahin ga ya ce wanda yaf faɗi daga nisa hakan ga, ya gama."

"Akwai ruwa cikin rijiyar, Mushe. Littahi bai yi zancen ruwa ba, kuma inda yay yi shiru, alƙali ka magana."

"Rijiya cike da ruwa tsakiyar rani? Ina kat taɓa ganin haka ƙasar Adar?"

"Ai ba Adar muke ba, ƙasar dodanni muke."

Kowa ya yi dariya ban da ni. A hanyar gida wani tunani ya shigo mini, wanda har yanzu nake jin nauyin rubuta shi: ɗan cocinsu ne, shi ya sa yake kare shi. Da zarar tunanin ya sami wurin zama, komai sai ya koma shaida. In sun iso tare, na ce sun shirya a hanya. In Likita ya yi jim kafin ya faɗi abin da dutse ya nuna, na ce ƙarya yake haɗawa. Ko shayi telan ya fara miƙa masa, sai na ga kamar tukuici ne. Ban taɓa tsayawa na lura cewa telan matsoraci ne na gaske a wasa ba, mutumin da ba ya buɗe ƙofa sai ya tambayi launin ƙusarta.

Na ja ɗan kabu-kabu gefe na gaya masa dabarata. Ya sosa kai.

"Mushe, ka tabbata? Mutumen ga bai taɓa cin muna komi ba."

"Mayaƙanka ukku hwa?"

"Ai ni ka hwaɗa ma dodo da kai."

Na matsa masa har ya yarda. Lahadin da ta biyo ya turo motonsa cikin rumfa, wai rana tana lalata masa kujera, ya kafe shi bayan Likita, ya karkato madubin yadda daga inda muke zaune muna hango abin da ke bayan kwalin. Daɗi nake ji, irin daɗin da nake ji in na hangi ɗalibi da takarda a cikin hannun riga.

Ranar a cikin kogo muke, da wani dodo mai gatari. Ya fara kai wa ɓarawon telan sara. Na saci kallon madubi: huɗu. Likita ya ce ya kuskure. Gaskiya ne. Ya sake: goma sha biyar. Likita ya ce ya samu, ya sa telan ya rage ran ɓarawonsa. Nan ma gaskiya. Sau uku ina dubawa, sau uku bakinsa da dutse suna tafiya tare. Wallahi haushi na ji. Na zo kama ɓarawo, mutum ya ƙi yin sata.

Sai dodon ya juyo kan maharbina, wanda ransa uku kacal ya rage. Dutse ya gangara bayan kwali ya tsaya. Ja. Ko lissafi ba a bukata, maharbin ya tafi. Likita ya dubi dutsen, ya ɗan shafa hanci, ya ce, "Ya kuskure ka. Gatarin ya sari bangon kogo, wuta ta tashi."

Ɗan kabu-kabu ya taka mini ƙafa, shi ma ya gani. Da ina da hankali da na yi shiru na je gida na yi tunani. Amma makonni na yi ina ɗura wa bakina magana, ba ta tsaya tambayar kan wa za ta faɗa ba.

"Ƙarya kake! Ashirin ta. Na gane ta ga madubi."

Likita ya juya a hankali ya ga madubin, ya ga fuskarsa a ciki. Telan ya ce, "Wai mi ka hwaruwa?" Ɗan kabu-kabu, wanda cikinsa ba ya riƙe magana, ya ce, "Mushe na ganin Likita na kare ka don cocinku guda." Telan ya dube ni, ya cire awon da ke rataye a wuyansa, ya naɗe shi tsaf ya ajiye. Da ma marina ya yi.

Likita ya kwantar da kwalin, ga ja nan kowa yana gani. Ya buɗe littafin ya turo mini wani shafi da ban taɓa karantawa ba, inda aka ce alƙali yana iya kau da kai daga dutse in ya ga dalili.

"Doka ta ba ni dama," in ji shi, "amma ba zan ɓoye bayanta ba. Na yi ƙarya. Wanga na huɗu, kuma duka gare ka."

"Don mi?"

Ya ɗora yatsa a kan takardar maharbin, daidai tabon shayin.

"Mushe, ni nif fito daga ɗakin nan nig gaya maka ƙanenka ya cika. Kana zaune bisa banci, riƙe da hurar da kak kawo mishi. Wanga rubutunai na. Ban iya hwaɗa maka sau biyu."

Ban san lokacin da hawaye suka zubo mini ba. Ni da na zo da shirin tona asiri, sai ga ni zaune a rumfar tela ina kuka, mutanen da na zarga suna kau da kai don kada su ƙara mini kunya. Da na sami murya na ce masa ya yanke hukuncin yadda dutse ya nuna. Ya tambaye ni sau biyu, na ce e. Sannan ya ba da labarin yadda maharbin ya faɗi a bakin kogo da kibiya a hannu. Telan, ba tare da ya dube ni ba, ya ce ɓarawonsa zai koma ciki ya ɗauko bakan. Wannan ne karo na farko da na ga ɓarawon nan ya shiga haɗari da ƙafarsa.

Na bi su gida ɗaya bayan ɗaya na ba da haƙuri. Telan ya yafe, amma ya fi wata biyu yana kirana "mushe mai madubi", kuma na cancanta. Likita kuwa ya ce ya wuce, sai dai Lahadin da ta biyo ya zo babu kwali. Ya zauna ya jefa dutsen dodo a tsakiyar tabarma, a gaban kowa, kamar wanda aka sa ya zazzage aljihu. Wannan ya fi komai yi mini ciwo. Na tashi na shiga shagon telan, na samo wani kwalin zare, na dawo na tsayar da shi a gabansa da hannuna.

Abin da ranar ta koya mini ke nan. Na yi daidai da na ce akwai abin da ake ɓoye mini, amma mugun zato ya hana ni tunanin cewa abin da ake ɓoyewar zai iya zama tausayi. Tun daga nan, in na ga mutum ya kare hannunsa, kafin na nemi madubi sai na fara tambayar kaina ko ni yake karewa.