Jakin Illo Ya Kai Ni Illela

Mutanen Bazaga da ke ta tare ni bakin rijiya kuna tambayar yadda tafiyar ta kaya, ga shi na rubuta muku daga farko, don bakina ya gaji.

Bazaga zuwa Konni

Ban jira zakara ba. Tun kafin kiran assalatu na tashi na kwance kwalin littattafan in duba ko gara ta shiga, alhali jiya da la'asar na ɗaure shi da hannuna. Maigidana yana alwala yana kallona. Ya ce, "Saude, garar da ke cin kwali dare guda ba a haife ta ba. Ɗaure ki tahi."

Ga wanda bai san ni ba, ni mai tuyar ƙuli-ƙuli ce, karatuna ya tsaya aji shida na lakwal, wato makarantar firamare. Na rubuta ɗan littafi na abubuwan dariya da suka faru a danginmu, aka buga mini shi a Konni. Mushe Abdu, wani malamin makaranta (mushe muke ce wa malamin boko) mai tara marubuta a Illela, ya gani, ya gayyace ni taron horar da marubuta, ya ce in karanta labari ɗaya gaban jama'a. Shi ya zaɓa da kansa: labarin Tanko da jakinsa.

Nan damuwata take. Tanko ba kowa ba ne sai Illo na Tajaye, ɗan kawuna, taubashina. Shi ne ya taɓa sayen jaki a kasuwa, ya ɗaura masa amalanke, barci ya kwashe shi a hanya, jakin ya nufi gidan tsohon ubangijinsa a wani ƙauye. Illo ya sauko ido rabi a rufe, ya shiga zauren mutane, ya miƙe bisa tabarma yana kiran a kawo masa tuwo. Na canza masa suna a littafi, amma ban gaya masa na rubuta ba. Wasan taubasai da baki ake yi, iska ta kwashe. Na takarda kuwa jikokinsa za su tarar da shi. Saboda haka na yi niyya in biya ta Tajaye in karanta masa tukuna. In ya ce a'a, ba zan karanta a Illela ba, ba kuma zan sayar da ko ɗaya ba.

Motar da ta ɗauke mu cike take da buhunan wake da akuya biyu. Kafin shiga Konni jandarma ya tsayar da mu, ya nuna kwalin da ke bisa cinyata.

"Mi ke ciki, Inna?"

"Littattafai, ranka ya daɗe."

"Wa ya rubuta su?"

Na ce ni. Ya zaro ɗaya, ya dubi hotona a baya, ya dubi takardar ɗan ƙasata, ya sake dubana. Ni dai ina tunanin ko akwai wata takardar izini da ban nema ba. Sai ya ƙame ya sara mini, ya ce wa direba, "Ka tuƙa sannu, marubuciya ka ɗauko." Motar duka ta ɗauki shewa. Har muka isa tasha wata tsohuwa tana shafa kwalin tana sa albarka.

Konni zuwa Malbaza

A tashar Konni na sha kunu da ƙosai a tsaye. Direban Malbaza ya so ya ɗora kwalin bisa mota kusa da jarkokin mai, na ƙi.

"Hajiya, ƙwai na?"

"Ƙwai in ya fashe ana soyawa. Wannan in mai ya taɓa shi, shi ke nan."

Ya bar ni da shi a cinya har ƙafafuna suka mutu. Mun wuce Tsarnawa rana ta ɗaga, gonaki duk an girbe, dammunan hatsi jere bisa amalanke. Muka shiga Malbaza kafin azahar.

Abin da ya kai ni can, hira ce a wani ɗan gidan rediyo na gari, don tallar littafin. Mai gabatarwar yaro ne mai fara'a. Ya sa mini wani abu a kunnuwa, ya ce in yi magana kamar ina tsakar gidana. Da farko a tsorace nake, amma da ya tambaye ni yadda nake rubutu, sai na manta da tsoro. Na ce ina rubutawa ne tsakanin kasko da kasko, shi ya sa takarduna na farko duk ƙamshin man gyaɗa suke. Ya yi dariya har ya buge makirho. Mata biyu suka bugo waya, ɗaya ta ce ita ma aji shida ta tsaya, tana da labarai cikin kanta, ashe ana iya haka? Na ce mata ta sayi biro yau, kada ta jira gobe.

Daɗi ya cika ni. Sai a rufe shirin na ji yaron yana cewa, "Jama'a, jibi ku hallara Illela, ku ji labarin Tanko, wanda jaki ya kai gidan mutane ya nemi tuwo!" Ashe Mushe Abdu ya riga ya gaya masa ta waya. Illo kuwa rediyo ba ta rabuwa da wuyansa ko gona zai je.

Na kwana wajen ƙanwar maigidana. Ta yi mini dambun zogale da fura mai nonon Fulani, na ci don kada ta ji ba daɗi, amma tunanina yana Tajaye.

Malbaza zuwa Tajaye

Da safe na koma Tsarnawa, na shiga motar Tawa, na sauka inda hanyar Tajaye ta rabu, na hau kabu-kabu. Na roƙi mai babur ya tafi a hankali har ya ce, "Inna, in na rage kuma sai dai mu sauka mu tura."

Na tarar da Illo bakin rumbu yana jefa dammuna. Duk zuwan da na taɓa yi, tun daga nesa yake fara ihu: "Ga baiwata ta iso, ku ɓoye tuwo!" Don shi ɗan namiji ne, ni ɗiyar mace, a wasan taubasai kuwa ɗiyar mace ita ce baiwa. Ran nan kuwa ya sauko, ya kakkaɓe hannu, ya ce, "Sannu da zuwa, Saude. Kun sha hanya. Ina maigidan?"

Wanda ya san taubasai ya san abin da wannan gaisuwa take nufi. Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Matarsa Hajo ta kawo ruwa. Bayan la'asar muka zauna gindin itacen bedi, na ce, "Illo, na yi wani abu ban shawarce ka ba. Bari in karanta maka." Na karanta tun daga sayen jakin har shiga zaure. Hajo ta cusa mayafi a baki, kafaɗunta na rawa. Shi ko gezau.

Da na gama ya ce, "Wane na Tankon ga?"

"Kai ne mana. Na canza sunan don in rufa maka asiri."

"Wa ya ce miki rufi nike so?" Ya gyara zama. "Shekara da shekaru ina shan shayi kyauta da labarin ga, tun daga nan har Abijan. Duk inda munka sauka cin rani sai a ce, Illo, ba mu na jakin. Gonata guda, amalankena guda, labarina guda. Jiya ina cikin mutane sai rediyo ta ce wai Tanko! Kowa ya juyo yana kallona, wani ya ce ashe ma ba kai ba ne, aro ka yi. Ni da jaki ya kai, ni da anka kora da muciya, ki ɗauka ki ba wani ƙato da ko akuya bai da?"

Duk kwanakin nan ina tsoron ya ce na tona shi, ashe laifina ɓoye shi da na yi.

Ya miƙe zai tafi masallaci, ya ce, "Ba ki karanta na Tanko Illela. Na hana."

Hajo ta ce, "Rabu da shi, ci tuwonki." Ban iya ba. Na riga na yi alkawari tsakanina da Allah, in ya hana na bari. Na kwanta ina shirya kalmomin da zan ba Mushe Abdu haƙuri da su, da yadda zan koma Bazaga da kwalina a ɗaure bayan an ji ni a rediyo.

Tajaye zuwa Illela

Bayan sallar asuba na fito da kayana zan nemi babur, sai na ga amalanke ƙofar gida, an shimfiɗa masa sabuwar tabarma. Illo na tsaye cikin babbar rigarsa ta salla, da hula, da turare.

"Hau, baiwata. Ko sai na ɗauke ki kamar buhun wake?"

Wallahi ban taɓa jin daɗin kalmar nan irin na ran nan ba. Na ce, "Ba ka hana ba?"

"Na Tanko ni hana. Na Illo za ki karanta, ina zaune gaba kowa na ganina."

"To ai takarda Tanko ta ce. In na faɗi abin da ba shi ke rubuce ba, ban yi wa mutane ƙarya ba?"

"Ƙaryar tana cikin takardar. Hau!"

Hanyar rairayi ce, jakin kuwa ba ya gaggawa. Mun wuce shanun Fulani suna kiwo cikin karan gonaki, da mata masu roron wake, Illo yana gaya wa duk wanda muka gamu da shi cewa za shi Illela a karanta shi. Ni dai idona na kansa. Da na ga ya yi shiru sai in taɓa shi da kara.

"Mi na na kuma?"

"Kada ka yi barci mu tsinci kanmu zauren mutane."

"Wanga jakin nan gida anka haihe shi. In ya ɓace, gidana za shi kai ki, ki yi mini daka."

Illela

Da hantsi muka isa makarantar da ake taron. Mushe Abdu ya tarbe mu da murna, na ja shi gefe na gaya masa komi. Ya dafe ciki yana dariya, ya je ya kama hannun Illo ya ce yau ga marubuciya ga mai labari.

Horon ya ƙayatar da ni. Akwai malaman makaranta, da ƴan mata masu rubutu a waya, da wani dattijo mai rubuta waƙa. Na zauna can baya don kada a tambaye ni abin da ban sani ba, amma malamar da ta zo daga Tawa don koyar da mu ta jawo ni gaba. Ta koya mana mu riƙa karanta rubutunmu da ƙarfi, duk inda numfashi ya ƙare mana, jimlar ta yi tsawo. Ta kuma ce in labari ya ba da dariya, kada a tsaya bayyana dalilin dariyar. Wannan ya taɓa ni, don haka nake yi a ƙarshen kowane labari. Ta ce za a sake wani horon bayan salla, ta sa sunana. An ba mu shinkafa da wake da rana, Illo ya ci nasa ya taya ni nawa.

Bayan la'asar aka jera benci a filin makaranta. Mutane suka cika, har da masu kallo ta bisa katanga. Na miƙe, na buɗe littafin. Tun daga Tajaye nake nanata wa kaina Illo, Illo, amma da idona ya sauka kan layin farko sai bakina ya bi abin da ya gani: "Wata rana Tanko ya tafi kasuwa..."

"Illo!"

Ya miƙe tsaye daga bencin gaba, ya juya ga jama'a, ya buɗe hannuwan rigarsa. "Ni na. Ku dube ni da kyau. Illo na Tajaye."

Fili ya kaure da dariya. Na ci gaba, na kiyaye sau biyu, na uku na sake zamewa. Wannan karon ba shi kaɗai ba, jama'a duka suka amsa, "Illo!" Daga nan na saki jiki. Har da gangan na riƙa faɗin Tanko don in ji sun amsa. Da na kai wajen neman tuwo, ya ɗaga hannu ya ce, "Ta manta abu guda. Bayan sun kore ni da muciya sun gane ni baƙo na, sun kuwa ba ni tuwon. Na ci, na nemi ƙari!"

Kwalin da na yi ta riƙo a cinya ya koma fanko kafin magariba. Duk wanda ya saya sai ya kawo in sa hannu, daga nan ya wuce wajen Illo, shi kuma ya soke Tanko da biro, ya rubuta sunansa da ajami a sama, yana hura hanci.

Komawa gida

Na kwana wajen iyalin Mushe Abdu. Da safe Illo ya kai ni tasha, ya sa na yi rantsuwa bugu na biyu da sunansa zai fito, da na garinsu. Na biyo ta Badagishiri da Tsarnawa, na canza mota a Konni, na shiga Bazaga ana kiran la'asar.

Ina godiya ga Allah da ya kai ni ya maido ni lafiya. Ina godiya ga Mushe Abdu da iyalinsa, da malamar Tawa, da Hajo, da maigidana da ya bar ni na tafi. Illo kuwa ba na gode masa, aikinsa ya yi.

Ban ko cire mayafi ba na ji sallama. Goggo Delu ce, ƙanwar babana, da sandarta. Labari ya riga ni isowa. Ta zauna bisa turmi ta ce, "Ke Saude, matar nan ta cikin littahinki da ta zuba ma baƙi toka cikin miya a zaton kanwa ce, wadda kinka kira Lanti."

Na durƙusa. "Goggo, ki yi haƙuri..."

"Haƙurin mi? A maido mini sunana. Kuma ki shirya tabarma, sauran na tahe."