Tazara Huɗu a Gaban Sunan Najaha

Najaha taubashiyata ce, saboda haka ina da izinin faɗin abin da na ga dama a kanta. Mahaifinta, Malam Sallau, ƙanen mahaifiyata ne. Ita ce ɗiyarsa ta fari, kuma kamar yadda ake yi a danginmu, ana yaye ta aka kai wa innata Saratu riƙo a Dungu. Tabarma ɗaya muka kwana, kwano ɗaya muka ci, in an tashi dukanmu ma bulala ɗaya ce. Ni na gudu daga lakwal, makarantar boko, na kama keken ɗinki. Ita kuwa ta zarce har Damagaram ta koyo aikin ordinata, wato kwamfuta, ta dawo da tabarau da ƙarancin magana.

Yau a Matameye bango ɗaya ne tsakanin shagona da nata. Tana buga wa mutane takardu, tana fotokofi, in an ɗauke kuran, wato wutar lantarki, ta shigo wajena ta zauna tana cire mini zare. Mijinta Zakari yana cirani a Kano kowace shekara, ita ke riƙe da yara uku har ruwa ya sauka.

Amma abin da aka fi saninta da shi shafin intanet ne na ƴan garinmu da ke Najeriya. Mazan nan da ke Kano da Ibadan da Ikko suna son sanin wa ya haihu, wa ya rasu, ko an yi shuka a Yauri, ko Dawce ta samu ruwa. Mutane kan aiko mata da saƙon murya, ita kuma ta zauna ta rubuta.

Na taɓa leƙawa in ga yadda take yi, don ni ba na ganin abu in ƙyale. Rubutu ne tsurarsa kamar wasiƙa, ba launi ba ado. Sai dai a gaban kanun labari takan sa wata alama mai kama da tsani, a gaban kowane suna a jeri ta ja ɗan gajeren layi, kalmar da take so ta fito da kauri kuma ta sa ta tsakanin taurari. In ta gama sai ta miƙa wa abin da take kira bibliyotek. Ta ce wani ƙunshin umarni ne da masana suka rubuta suka ajiye wa kowa, ita ƴan layuka goma sha biyu kawai ta rubuta da ke kiran sa. Shi yake karanta alamomin nan ya mayar da rubutun zuwa HTML, harshen da shafukan intanet ke ji. Kafin ka ƙifta ido shafi ya fito tsaf, mara nauyi, wanda ko rezo, wato sabis ɗin waya, ya yi rauni wayar talaka za ta buɗe.

"Kamar ke da alli ne a kan yadi," in ji ta. "Inda aka zana nan almakashi zai bi. Sai dai shi wannan ba shi da kara. Abin da kika sa shi zai fitar, ba ya cewa wataƙila ga abin da take nufi."

Bara aka yi mana rasuwa, dangi suka taru. A wurin zaman makoki wasu jikoki biyu, ɗaya daga Ikko ɗaya daga Kano, suka gaisa kamar baƙi a tasha, alhali kakansu ɗaya. Abin ya ɓata wa Alhaji Shekara rai, shi ne babbanmu yanzu. Ya ce a rubuta salsalar gidan gaba ɗaya a sa a shafi, tun daga kakan da ya haƙa rijiyar farko. Ya kuma kafa doka: kowane mahaifi da kowace uwa su zo su faɗi nasu da bakinsu, kada mai rubutu ta ƙara kada ta rage.

Najaha ta tsara abin cikin sauƙi. Kowane suna da layinsa. Sunan ɗa yana ƙarƙashin na mahaifi, an tura shi ciki da tazara huɗu. Wannan tazarar ce kaɗai bibliyotek ke dubawa ya san wane ne ɗan wane.

Da damina ta tsaya maza suka dawo, shagon ya zama kamar fada. To, a wajenmu iyaye ba sa kama sunan ɗan fari, kunya ce da muka tarar. Kowa ya zo sai ya yi gyaran murya ya ce, "Sai babban, kin dai san shi." Najaha ta rubuta. Innata ma haka ta yi da nata babban, sannan ta ci gaba: "Sai Idi, sai ke Najaha, sai wannan mai bakin," ta nuna ni da haɓa. Najaha ta rubuta sunanta a ƙarƙashin Saratu kamar yadda aka faɗa.

Kawu Sallau ya zo a ƙarshe. Ya tsaya a bakin ƙofa bai shigo ba. Tunda nake ban taɓa ganin ya yi mata magana kai tsaye ba, in ina wurin ta bakina yake bi.

"Hauwa, ki ce a rubuta. Zainulabidin, Kabiru, Amatullahi, Anisa, Abdurrazak."

Nan ya tsaya. Yatsunta suna saman maɓallan, tana jiran ya ce sai babbar. Bai ce ba. Ya yi mana sallama ya hau kekensa.

Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma ban ɓoye ba. Na ce, "Ke, sa sunanki mana! Injin a hannunki yake, wa zai hana ki?"

"In na sa, ni na faɗa," in ji ta. "Ba shi ba."

A ranar na gane abin da ban gane ba duk zamanmu. Najaha ba ta taɓa kushe al'adar nan ba, ita ma ba ta kiran sunan babban ɗanta. Ta san kunya ce, ba ƙi ba. Amma kunyar nan sai wanda ya san ta yake gane ta. Mu da muke raye mun san ɗiyar wa ce. Jikan da zai buɗe shafin nan a Ikko bayan duk mun kwanta dama, ƴaƴa biyar zai gani a ƙarƙashin Sallau, ya tafi da haka. Shekara talatin da shida ba ta ji sunanta a bakinsa ba, ta haƙura. Wannan karon sau ɗaya take so, ko da da alama ne.

Shafi ya hau yadda yake. Mako uku ba ta tayar da zancen ba. Ta ci gaba da buga labarin ruwa da farin dango da aka gani wajen Dawce, amma ta daina shigowa shagona in kuran ya ɗauke.

Ashe a Ikko ɗiyar Zainulabidin ta buɗe shafin ta tambayi ubanta, wai dama Gwaggo Najaha ba yayarsa ba ce? Shi kuma ya kira tsohon a waya.

Ranar wata Talata bayan la'asar sai ga Kawu daga gona, ƙafafunsa duk taɓo. Ya ce in biyo shi, ya shiga shagon, ya ja kujera ya zauna. Najaha ta miƙe tsaye ta rasa inda za ta sa hannunta.

"Hauwa, karanta mini nawa."

Shi karatun allo ya yi, bai san boko ba. Na karanta, yana lanƙwasa yatsu.

"Biyar," ya ce.

"Biyar ka faɗa, Kawu." Na san da zafi na faɗa, ban kuwa janye ba.

Ya dube ni ya ce, "Ai ita ce mai rubutun. Sauran in sun ce babban, wanda ba ya wurin suke nufi. Ni ga ta zaune a gabana, in ce mata kin san ta? Na ɗauka ba sai an gaya wa mutum shi ɗan wa ne ba."



"Ni na kai ta Dungu a kan keke," ya ci gaba, har yanzu ni yake kallo. "Da zan juyo ta riƙe mini riga, sai da Yaya ta ɓamɓare yatsunta ɗaya ɗaya. Kwana biyu ban iya cin tuwo ba. Na ce musu zazzaɓi ne."

Najaha ta zauna a hankali. "Hauwa, tambaye shi, in cire daga wajen Goggo Saratu?"

"A'a," in ji shi tun ban buɗe baki ba. "Yaya ta sha wahala. Abin ba ya yarda mutum ya zauna wuri biyu?"

"Yana yarda, Baba."

Ta buɗe rubutun, ta buga sunanta a layin da ke bin nasa. Ta manta da tazarar, ta miƙa wa bibliyotek haka nan. Shafi ya fito da sunanta kafaɗa da kafaɗa da nasa, a jerin ƴaƴan kaka.

"To, Kawu, barka," na ce. "Ka samu ƙanwa da tsufanka."

Bai yi dariya ba. "Me ya rage?"

"Tazara huɗu," ta ce. Ta kai hannu za ta gyara, sai ta fasa. Ta turo masa allon maɓallan, ta nuna masa dogon nan na ƙasa.

Ya goge yatsansa a riga. Ya danna a hankali, da ƙarfi fiye da yadda ake buƙata, yana ƙirgawa a fili. Ɗaya. Biyu. Uku. Huɗu. Ta sake miƙa rubutun. Sunan ya matsa ciki ya zauna ƙarƙashin Sallau, a saman Zainulabidin.

"Karanta kuma."

Na karanta, na fara da Najaha. Da na ambaci sunan sai ya kawar da kai wajen ƙofa, amma na ga ya lanƙwasa yatsa.

"Shida," ya ce. Ya tashi ya nemi takalmansa.

A bakin ƙofa ya tsaya, bai juyo ba. Na gyara tsayuwa ina jiran saƙon da zai ba ni in isar.

"Gobe in kin rufe shago," ya ce, "ki biyo gida ki ci tuwo."

"To, Baba," in ji Najaha.