Zaman Talata a Rogo

Yayana ya rasu cikinsa a kumbure kamar tulu, idanunsa sun koma ruwan ɗorawa. A wurin zaman makoki, duk wanda ya zo sai ya ce, "Ashe ciwon hanta ne, Allah ya jiƙansa," mu amsa da amin. Unguwarmu kaf a Karaye an san abin da ya cinye hantar, amma ko mutum ɗaya bai ambaci giya ba. Ni na fi kowa yin shiru, don a lokacin ma akwai 'yan ledoji biyu na giyar ogogoro a akwatin kayan aikina.

Gyaran injin ban-ruwa nake yi. Sana'a ce mai rufa asiri: warin fetur yana danne kowane wari, in hannu ya yi rawa kuma a ce gajiya ce. Na yi shekaru ina ganin na fi kowa wayo.

Da aka raba kayan Yaya, babur ɗinsa da wata tsohuwar hula mai shuɗin zare suka faɗo a kaina. Ranar da na fara sa hular na leƙa madubin babur, sai na ga shi ne yake kallona. Tsoro ya kama ni sosai. Na san hanyarsa nake bi, kuma na ga ƙarshenta da idona, don ni na riƙa zuba ruwa lokacin da ake yi masa wanka.

Na shiga neman inda masu son dainawa suke haɗuwa. Na duba a waya, ta jero mini wurare a Legas da Abuja, sai ka ce zan bar injinan mutane in riƙa zarya Legas duk mako. Liman kuwa da wane baki zan tunkare shi? A ƙarshe na je wurin wani dattijo mai kemis, na ce masa wani abokina ne yake da matsala.

"Kowa ya zo nan abokinsa ne yake sha," in ji shi. Ya ɗago, ya daɗe yana kallon hular da ke kaina. "Ka ce wa abokin naka ya je Rogo ranar Talata bayan azahar. Akwai wani zaure a bayan injin niƙa. Kowa garin da ba a san shi ba yake zuwa, don kada ya yi kiciɓis da surukinsa. Ba a tambayar suna, ba a tambayar gida."

Talata biyu ina kaiwa bakin gari in juyo. A ta uku na ji haushin kaina, na jingine babur a jikin katanga, na yi sallama.

Mutum shida ne a kan tabarma. Ba wanda ya amsa sallamata. Wani Bafulatani da ke zuba shayi ya bar kofin ya cika har yana zuba a ƙasa. Duk hular suke kallo. Babbansu, wani tsoho mai facin taya da ya rasa haƙoran gaba, shi ya fara samun bakin magana.

"Wa'alaikumus salam. Malam, ina mai hular nan?"

Na ce ya rasu, wata huɗu ke nan.

Sai a lokacin na gane. Duk Talatar da Yaya yake cewa zai je duba wata gona wajen Ruwan Bago, nan yake zuwa. Su kuma, saboda dokarsu ta rashin tambayar suna, ba su da hanyar jin labarin mutuwarsa. Tsohon ya share ido da bakin riga.

"Wata huɗu muna jin haushinsa," ya ce. "Mun ɗauka komawa ya yi. Sai da ya kusa cika shekara bai sha ba, sannan ya ɓace mana. Da muka ji ƙarar babur ɗin nan, na shirya faɗan da zan yi masa."

Suka ɗaga hannu suka yi masa addu'a. Tsohon ya ce giya ce ta kashe shi, ya daina amma ta riga ta gama aikinta, Allah ya karɓi tubansa. Ta'aziyyar farko ke nan da aka faɗi gaskiya a cikinta, kuma ita ce ta sa ni kuka.

Daga nan ya juyo gare ni. "Kai kuma ya jikin?"

"Lafiya lau," na ce, don bakina bai san wata amsa ba.

"Ka ajiye wannan 'lafiya lau' ɗin a waje tare da takalmanka. Kai ne ƙanin nasa mai gyaran inji ko? Ya ce yana jin warin giyar a ƙarƙashin na fetur. Ya ce ya rasa yadda zai yi maka magana, tunda a wurinsa ka gani."

Shekaru ni da Yaya muna cin tuwo a kwano ɗaya, kullum in gaishe shi ya ce lafiya, ya gaishe ni in ce lafiya. Har yau wannan yana hana ni sukuni. Na zaro ledar giyar da ke aljihuna, na ajiye a gaban tsohon.

Ya nuna mini gefen bango, inda tabarmar take babu kowa. Na ce wurin ya yi wa mutum ɗaya yawa.

"Na mutum biyu ne," ya ce. "Yayanka ne ya roƙa a bar maka kusa da shi. Ya ce wata rana zai zo da kai."

Na zauna a rabi. Shekara biyu ke nan ina zuwa, mutanen ɗakin sun ƙaru, wata rana har a bakin ƙofa ake zama. Ɗaya rabin ba wanda ya taɓa zama a kai, kuma in ana magana nakan ji kamar kafaɗar Yaya tana gogar tawa.